Ki Bari a Yi wa Auta Tiyata

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ki, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran gaba ɗaya. Ina kuma roƙon Ya sassauta wa 'yarki Auta, wadda ni ma 'yata ce, abin da take ji a ƙirjinta, Ya sauƙaƙa mata numfashi, Ya ba ki ƙarfin jinyarta. Mu a nan muna nan kamar yadda kika bar mu, sai godiya. Uwargida ta samu sauƙin gwiwar nan tata, har tana sauka da kanta ta shanya kaya a bayan gida, ko da yake wajen hawowa sai ta tsaya a tsakiyar matakala ta yi kamar tana duba fentin bango, don kada a ce ta gaji. Matar ɗana Dogo, Allah Ya jiƙansa, ta koma bakin aikinta a kantin magani. Tana fita da safe ta dawo da yamma, ta bar mana 'yarsu, takwararki. Ita kuwa takwarar taki ta shiga makaranta, kuma ina shaida miki cewa ba sunan kaɗai ta ɗauko ba, har da bakin. Ranar farko da ta dawo ta sanar da mu cewa malamarsu ba ta iya riƙe alli ba, amma za ta koya mata. Ni kuma tun da na ajiye aikin shari'a ba ni da wata kotu sai baranda, inda nake raba gardama tsakaninta da kyanwar maƙwabta, kuma duk hukuncin da na yanke sai ta ɗaukaka ƙara wurin kakarta, a soke shi nan take.

Na zaɓi in rubuta miki maimakon in kira ki a waya, domin na san halinmu ni da ke tun muna yara. In muka fara magana, kafin in kai ƙarshen zance kin riga kin ba ni amsa uku, ni kuma in yi shiru don in tattara tunanina, ke kuma ki ɗauka na yarda. Ita takarda ba a katse mata hanzari. Ina roƙon ki zauna ki karanta ta har ƙarshe, sannan ki yi fushin da za ki yi. Maigidanki ya kira ni a makon jiya ya gaya mini halin da ake ciki. Ya ce likitoci sun gano ƙari a huhun Auta na dama, irin wanda aka samu a jikin Dogo. Sun sa ranar tiyata, har an ba ta gado. Sai kika je da safe kika naɗe zannuwanta, kika zuba kwanuka a jaka, kika riƙo hannunta kuka dawo gida. Ya ce kin gaya wa nas ɗin da ta biyo ki har bakin ƙofa cewa an yanka ɗan yayanki kuma kin ga yadda ya ƙare, saboda haka muddin kina da rai ba mai sa wa 'yarki wuƙa. Auta kuma, duk da shekarunta sun kai ta sa hannu da kanta, ta rantse ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai uwarta ta ce ta shiga. Likitan ya yi alkawarin riƙe mata gurbi zuwa ƙarshen watan gobe. In ya wuce, za ta koma bayan layi, kuma layin yana da tsawo ƙwarai.

Daga nan sai ya roƙe ni wani abu. Ya ce in rubuto miki in ce ba wannan cutar ce ta ɗauke Dogo ba. In ce tiyata ta warkar da shi sarai, daga baya ne wani ciwon hanta daban ya kama shi. Ya ce ke duk duniya ba kya jin maganar kowa sai ta Yaya, kuma ƙaryar da za ta ceci rai ba ta kai a kira ta ƙarya ba. Kada ki riƙe shi a zuciya kan wannan. Shekaru masu yawa na san mutumin nan, ban taɓa jin muryarsa ta karye ba sai ranar. Yana ta ce mini in dakata ana kiransa, alhali ina jin babu mai kiransa. Na ba shi amsa cewa zan rubuta, amma abin da ya faru zan rubuta. Na ƙare rayuwar aikina ina gargaɗin masu ba da shaida su faɗi abin da suka gani, kada su ƙara kada su rage. Ba zan buɗe bakina da shaidar zur a kan ɗana ba, yana kwance inda ba ya iya musantawa. Ban da haka ma, ke ba a yi miki ƙarya ta kwana. Da kin gano ni tun a layi na biyu, sannan ki daina yarda da sauran maganar, wadda ita ce nake bukatar ki yarda da ita. Don haka ga shaidata yadda take.

Kin san aikin Dogo a ma'aikatar ruwa: shi ne mai hawa manyan tankunan nan da kwalabe a jaka, yana ɗebo ruwa a kai ɗakin gwaji. A kan tsanin ƙarfen nan ya fara lura cewa numfashinsa ba ya kai shi sama sai ya huta. Sai tari, sai wata ƙara kamar usur a ƙirji, kullum a gefe guda. Kusan shekara uku ana yi masa maganin fuka. Babu aljihun rigarsa da ba za ki samu abin shaƙa a ciki ba, uwarsa ta sha wanke su tare da kaya. Ciwon haƙarƙari mai zazzaɓi ya yi ta kwantar da shi, kullum a hagu. Sai wata safiya ya yi tari a wurin wanke fuska, ya ga jini. A nan ne aka zura masa siririn bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka ga abin: wani jan tsiro mai girman kan babban yatsa, zaune a bakin ɗaya daga cikin rassan hanyar iska, ya kusa toshe ta. Likitan tiyata ya karɓe mu a ofishinsa, wani ɗan ɗaki mai fanka mai ƙara da kujerar baƙo guda ɗaya. Ni na zauna, Dogo ya jingina da kabad. Ya ce sunan abin karsinoyid. Ya ce dangin ciwon daji ne, amma ba irin na masu shan taba ba, kuma ba kasafai ake ganinsa ba. Cikin ciwon dajin huhu ɗari, da ƙyar a samu ɗaya ko biyu irinsa.

Ina so ki natsu a nan, domin duk maganar a nan take. Ya ce abin iri biyu ne. Akwai mai tafiyar hawainiya, wanda yakan yi shekaru zaune wuri ɗaya. Shi ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma idan aka cire shi da wuri, kusan tara cikin goma suna nan da ransu bayan shekara biyar, mafi yawansu kuma har goma da abin da ya wuce. Akwai kuma mai saurin hayayyafa. Shi wannan, waɗanda suke kai shekara biyar ba su fi shida ko bakwai cikin goma ba, kuma adadin yana raguwa idan ya riga ya shiga kaluluwar da ke kewaye da huhu. Na tambaye shi wanne ne namu. Ya ce ɗan abin da bututu ke tsinkowa bai isa a tabbatar ba. Sai an cire shi gaba ɗaya, an yayyanka shi, an sa a ƙarƙashin madubin gwaji an ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa. Wato mutum ba ya sanin matsayinsa sai bayan an buɗe shi. Dogo ya yi dariya ya ce shi bai damu ba, ya san nasa malalacin ne, tunda duk abin da ya zauna a jikinsa shekara uku ai dole ya koyi halinsa na ƙin tashi da safe. Likitan ya yi murmushi. Ni ma na yi, domin na ga yana kallona.

An cire masa ɓangaren ƙasa na huhunsa na hagu. Ba zan ɓoye miki wahalar ba: akwai bututun da ake bari a haƙarƙari yana zubar da ruwa cikin kwalba a ƙarƙashin gado, akwai tarin da ake tilasta wa mutum ya yi yana rungume da matashi, akwai zafin da yakan yi watanni kafin ya saki. Amma ya tashi, ya taka, ya dawo gida da ƙafarsa. Da sakamako ya fito muka koma ɗakin nan mai fanka. Wannan karon likitan ya sa an ƙaro kujera, kuma tun daga nan na gane. Na Dogo mai saurin ne, kuma cikin kaluluwar da aka ciro tare da shi, an samu cutar a guda biyu. Ƙanwata, ki sake karanta wannan layin. Na san abin da ake faɗa, na san ke ma kin faɗa: wai idan ƙarfe ya taɓa irin wannan ciwo, ko iska ta shige shi, sai ya fusata ya bazu. Kaluluwar nan a zama ɗaya aka ciro su da ƙarin, kuma an same su da cutar a ciki. Ta riga ta ƙetara tun yana hawa tanki da abin shaƙa a aljihu. Wuƙa ba ta kora ta ba. Zuwa ta yi ta tarar ta riga ta yi gaba. In akwai abin da ya cuce mu, shekarun nan uku ne, ba sa'o'in da ya yi a ɗakin tiyata ba.

Ke kina nesa, saboda haka abin da kika gani da idonki ƙarshen ne kawai. Ba ki ga shekarun da ke tsakani ba sai a hoto. An sauko da shi daga tankuna aka ba shi tebur a ɗakin gwaji, yana ƙorafin wai an mai da shi mai wankin kwalabe. Ya yi ƙiba har uwarsa ta kai wandunansa wurin tela a ƙara musu. Ya yi aure. Yakan ce da huhu ɗaya da rabi ma ya fi matarsa dogon zance, da an bar masa biyun da tuni ta gudu. Da aka haifi yarinyar, shi ya dage a sa mata sunanki, wai don a samu wadda za ta riƙa yi mini tsawa a gidan nan tunda ke kin yi nisa. Yakan ɗora ta a wuya ya zagaya tsakar gida, ya sauke ta yana haki, ta ce a sake. Duk bayan 'yan watanni muna zuwa a ɗauki hoton ƙirji da ciki, mu zauna a kan kujerun robar nan da aka haɗe da ƙarfe guda, waɗanda in mutum ɗaya ya girgiza ƙafa duk layin sai ya ji. Da shekara ta biyar ta cika hoto ya fito fes, uwargida ta yi girki ta rarraba wa maƙwabta. Ban hana ta ba. Amma likitan ya riga ya gaya mini cewa wannan ciwo ba ya bin lissafin shekara biyar. Yakan yi lamo, ya dawo bayan an manta da shi.

A ƙarshen shekara ta shida ya dawo. Ya fara da wani zafi da ke taso masa a fuska da wuya bayan ya ci abinci, sai gudawa da ba ta jin magani. Hoto ya nuna ɗigo-ɗigo a hanta. Aka sa shi kan wata allura ta wata-wata, wadda ta tsayar da gudawar ta kuma rage wa abin gudu na ɗan lokaci. Aka gwada maganin nan mai zubar da gashi. Likitan da kansa ya ce wannan irin ba ya jin sa sosai, kuma hakan ce ta faru. Daga hanta ya shiga ƙashin baya. Sauran kin gani: ɗakin ƙasa da na kwashe littattafaina muka sa masa gado, cikin da ya kumbura, idanun da suka yi rawaya, da yadda kika tsaya a bakin ƙofa kika kasa shiga, ke da ba ki taɓa tsayawa a bakin ƙofar kowa ba. Don haka amsar tambayar da ba ki yi mini ba ita ce: e, cutar nan ce ta kashe shi, kuma e, bayan an yi masa tiyata ne. Tiyata ba ta bar mana Dogo ba. Shekara shida ta ba mu, da yarinyar nan da ke barci yanzu a kan kafet ɗin falo da takalmi ɗaya a ƙafa. Ban taɓa tambayarsa ko ya yi nadama ba, shi ma bai taɓa faɗa ba, don haka ba zan sa masa magana a baki ba. Abin da na gani kawai shi ne, a wani zuwanmu asibiti kusa da ƙarshe, yana kan keken marasa lafiya, ya ɗaga rigarsa ya nuna tabonsa ga wani dattijo da ke jiran irin aikin, ya ce masa yankan ba komai ba ne, shayin asibitin ne abin tsoro.

Akwai wata magana da na fara yi miki lokacin da kika zo ta'aziyya, kika ɗaga mini hannu kika ce boko ya yi mini yawa, in bar matattu su huta. Na bari a lokacin. Yanzu ba zan iya bari ba. Sa'ad da abin ya koma hanta, wata likita ta tambaye mu ko akwai masu tsakuwar ƙoda ko gyambon ciki a danginmu. Sai na tuna Baba: yadda yake durƙusawa a bayan ƙofa yana riƙe da kwiɓi, da gyambon da ya hana shi jin daɗin abinci, mu kuma muna cewa zafin zuciyarsa ne ke cin sa. Na tuna ni ma an sha fasa mini tsakuwa. Aka ɗebi jinina da na Dogo, aka samu abu ɗaya. Wani rauni ne da ake gado, mai sa wasu ƙananan sassan jiki su riƙa fitar da ƙari, a wuya, a ciki, wani lokaci a huhu. Kuma duk ɗan da mai shi ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ba ni da hujjar jini a kanki, amma ɗan wa da 'yar ƙanwa da ciwo ɗaya wanda ba kasafai ake gani ba, ban ga alƙalin da zai kira wannan katari ba. Ba laifinki ba ne, ba nawa ba ne, ba na Baba ba ne. Amma dole likitocin Auta su sani, kuma ke ma da sauran yaran ya kamata a duba ku. Takwararki ba a gwada ta ba tukuna. Uwarta ta roƙi a ɗan jira, ni kuma ban samu bakin matsa mata ba.

Kin ga ke nan ba albishir na zo miki da shi ba. Ko an yi wa Auta aiki an dace, ba za ta fita daga hannun likitoci ba har iyakar rayuwarta, kuma abin yana iya ɓullowa a wani wurin. Amma na ɗauki hotunan da maigidanki ya turo mini na kai wa likitan da ya yi wa Dogo aiki. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce ba ya yanke magana a kan mara lafiyar da bai taɓa da hannunsa ba. Amma a abin da yake gani, nata ƙarami ne, bai kai rabin na Dogo ba, kuma bai ga kaluluwar da ta kumbura ba. Na tambaye shi in aka bar shi fa. Ya ce ba ya narkewa, babu ƙwaya ko allurar da ke cire shi. Zai ci gaba da girma a hankali har ya rufe hanyar, huhun da ke bayansa ya riƙa lalacewa da zazzaɓi bayan zazzaɓi, jinin ya ƙaru, kuma duk jinkirin da aka yi dama ce gare shi ya ƙetara inda wuƙa ba ta kaiwa. Na tambaye shi wane iri ne nata. Ya dube ni ya ce ai na san amsar: sai an buɗe. Addu'ar da kike yi ki ƙara, ni ma ita nake yi. Amma jiƙe-jiƙen da na ji kina ba ta, babu wanda zai ɗauke tsiro daga hanyar iska.

Kada ki ɗauka mai kyakkyawan zato ne yake rubuto miki. Ni lissafin tara cikin goma ya daina yi mini amfani. Ina tashi, ina cin abin da aka ba ni, ina karanta jarida daga farko har ƙarshe ba tare da na riƙe kalma ɗaya ba. Na daina bin titin da ya ratsa ta gaban ma'aikatar ruwa, ina zagayawa ta bayan tashar mota, kuma nakan gaya wa direban tasi cewa saboda ramuka ne. Mutane suna yaba haƙurina, ni kuma ina yi musu godiya, domin ta fi bayani sauƙi. Amma ko a wannan hali ba zan ce lissafin ya yaudare ni ba. An gaya mini akwai waɗanda ba sa kaiwa, an gaya mini ɗana yana cikin waɗanda suka fi haɗari, kuma haka ya kasance. Lissafin da ya yi gaskiya a kan Dogo, shi ne yake cewa Auta tana da dama bana wadda ƙila ba za ta samu ba baɗi. Na tambayi uwargida ko tana da saƙon da zan sa miki a kan wannan. Kin san a wancan lokacin ita ma ba ta so a yi aikin ba. Tana ninke kayan makarantar yarinyar, ba ta ɗago ba. Ta ce ita ba ta da shawarar da za ta ba wata uwa, har yau ba ta san wanne ne daidai ba, in dai gaishe ki kawai. Na rubuta miki wannan ma, don kada ki ce na zaɓi shaidun da suka yi mini daɗi.

Yanzu bari in faɗi abin da nake zaton shi ne ya tsayar da ke. Ba wuƙa kike tsoro ba, ke da aka yi wa aiki wajen haihuwar Auta kanta, kika tashi kina yi wa nas faɗa kan yadda ta goge jaririya. Tsoronki shi ne ki zama wadda ta ce e. In ciwo ya ɗauke ta a gida, kowa zai ce ƙaddara ce. In ta tafi bayan kin yarda, ke za ki ce ke ce. Na san wannan, domin ranar da aka miƙa wa Dogo takardar sa hannu, ya riƙe biron bai rubuta ba, ya juyo ya dube ni, ni kuma na gyaɗa masa kai. Babu wanda ya gani sai ni da shi. Babu safiyar da ba na tashi da wannan gyaɗa kan, kuma da za a maido ni wurin zan sake gyaɗawa. Kaya ne mai nauyi, amma na riga na saba da shi, kuma ban ga dalilin da zai sa mu biyu mu ɗauka ba alhali ɗaya ya riga ya lanƙwashe. Saboda haka ba yardarki nake nema ba. Ki shiga ɗakin Auta ki gaya mata cewa Kawunta ya yanke magana, ke ƙanwa ce, ba yadda za ki yi, kin bi, ita ma ta bi. Ki gaya wa maigidanki haka, ki gaya wa dangi haka. In Allah Ya sa nata mai jinkirin ne, ba sai an tuna da ni ba. In kuma ɗayan ne, ko wani abu ya faru a kan teburin tiyata, to ni na sa. Ki faɗa a gaban kowa, ki faɗa mini ido da ido, ki daina gaishe ni har mu koma ga Allah. Zan karɓa, kuma ba zan kare kaina ba ko da kalma ɗaya.

Ban sa rai sosai cewa takardar nan za ta juya ki ba. Ban taɓa ganin kin ce a'a kin dawo kin ce e ba, ko a kan abin da bai kai wannan ba. In kin ƙi, ba zan sake ta da maganar ba, ba zan kuma bari wani ya zarge ki a gabana ba. Zan dai zo in ga 'yata tun tana iya zama mu yi hira. Amma wata yana tafiya, kuma lambar likitan Auta tana wurin maigidanki.

Ki gaishe mini da shi, ki ce masa ban yi abin da ya roƙa ba, na yi wanda zan iya. Ki gaishe da babbanki Injiniya da iyalinsa, da 'yan biyu, da Goggo ƙarama idan kin leƙa ta. Uwargida da matar Dogo suna gaishe ku da jiki. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba mai jinya lafiya, Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Auta kuwa, ki ce mata Kawu yana gaishe ta, kuma ya ce ta haɗa kayanta.

Ni ne yayanki,
Alƙali.